Shafin Intanet Da Ke Kwana A Jakar Mushe

Yau da hantsi na raka maƙwabcina Munkaila Illela, mu biyu bisa moto ɗaya, babur ɗinsa, shi yana tuƙi, ni ina dafe da hulata. Zai karɓo injin ban ruwan da anka ce an rubuta shi a cikin masu samu. Murnarsa har ta ishe ni, don tun daga Badaguishiri yake gaya mini inda zai girke injin da yadda zai ja tiyo. Munka sha esans, man fetur ɗin kwalba mai tsadar tsiya, munka isa buro, ofishin porojen nan da ke tallafa wa masu noman rani, wanda ba zan kama sunansa ba saboda ina son in ci gaba da gaisawa da mutane. Sakatariya, wata baiwar Allah mai suna Hadiza, ta buɗe ordinatar, wato kwamfuta, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce ba ta ga sunan Munkaila ba. Ya ce don Allah ta ƙara dubawa. Sai ta juyo mana da allon mu gani da idonmu. Jama'a, ba sunansa kaɗai ya ɓace ba, babu sunan kowa. Allo fari fat, a ƙasa an rubuta da Faransanci cewa ba wanda ke jira. Masu jiran kuwa suna waje, sun cika inuwar dogonyaro har sun malalo cikin rana.

Ku da ke karanta ni cikin sanyin fanka, bari in gaya muku ko wane ne Munkaila, kada ku ɗauka irin mutanen nan ne da ke bin buro don neman abin banza. Manomin albasa ne a kwarin Badaguishiri. Geron bana bai yi masa kirki ba, rumbunsa ba zai kai su damina ba, shi ya sa ya zuba duk ƙarfinsa a lambu. Ya gama dashe ke nan tsohon injinsa ya yi tari ya mutu, makanike ya buɗe cikinsa ya rufe, ya ce a yi haƙuri. Wani abokinsa ya ara masa nasa, amma shi ma yana da lambu, ya zo ya karɓe abinsa. Yanzu Munkaila da matarsa Barira da guga suke ban ruwa, guga kuwa ba ya iya shayar da lambu irin nasa. Albasar da ke nesa da rijiya ta fara kwantar da kai. In ba a sami inji cikin kwanakin nan ba, abincin gidansa na shekara ne zai bushe yana kallo.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, shafin intanet ɗin nan da ya manta da shi, a tsakar gidansa anka fara kunna shi.

Bushira ƙanwar Barira ce. Ta yi karatun ordinatar a Yamai, tana zaune Konni tana gina wa mutane shafuka. Porojen ya ba ta kwangila ta yi masa shafin da manomi zai nemi inji daga wayarsa, yana zaune bakin rijiyarsa, ba sai ya hau mota ba. Sunka ba ta ordinatar sabuwa fil, ba komai a cikinta. Lokacin an yi haihuwa a danginsu, ta zo suna Badaguishiri, ta sauka gidan yayarta da aikinta a jaka.

Munkaila ya ɗauka za ta zauna ne ta buga abin kamar wasiƙa, kafin a sauke tuwo ta gama. Yana ta tsokanarta irin ta miji da ƙanwar mata, wai ashe karatun Yamai ɗin duk na danne-danne ne. Ta ce masa ai ba ta ma fara ginin ba tukuna, sai ta shirya wa ordinatar kayan aiki, yadda shafin zai iya tashi a cikinta ita kaɗai, ta riƙa gwada shi. Daga nan ne wahalar Munkaila ta fara, don kayan aikin daga intanet ake sauke su, wayarta ce ke ba ordinatar rezo, wato sabis, rezo kuwa a gidan Munkaila ba ya sauka ƙasa. Sai a bisa rumbu. Aka jingina tsani, mai gida da kansa ya hau, ya ɗaga waya sama, rana tana gasa masa ƙeya, mata ƴan suna suna wucewa suna tambayar Barira ko lafiya.

Ta sauke manhajar farko, wadda ke fahimtar yaren da za ta rubuta shafin da shi. Manhajar ta ce ba za ta yi aiki ba sai an kawo wata da ke ɗauko mata ƙananan kaya. Waccan ta fara saukowa, ta kusa ƙarewa, hannun Munkaila ya gaji ya sauke shi ya sosa wuya, komai ya tsinke, anka koma farko. Da ta sauko lafiya, sai baƙin allon da Bushira ke rubutu a ciki ya cika da jan rubutu: wannan ta bana ce, waccan ta bara, ba su ga maciji da juna. Ta cire ta bana, ta nemo ta bara. Sannan anka zo kan rumbun bayanai, inda za a riƙa adana sunayen masu nema. Shi kuma ya ƙi buɗewa, wai kalmar sirrin da anka gaya masa ba ita ce ke rubuce a wani ɗan fayil can gefe ba. Ta gyara. Ta ce shafi ya tashi, ordinatar ta ce ƙofar da zai bi ya fito wani ya riga ya tare ta. Munkaila daga bisa tsani ya ce wallahi ya gane kayan nan, duk sun taɓa aikin buro, kowanne ka je wurinsa sai ya tura ka wurin wani. Batir ya ƙare, anka kai wayar rumfar mai caji a kasuwa. Megar intanet ta ƙare, Munkaila ya sa hannu a aljihu ya sayo, yana ƙorafi, yana kuma jin daɗi.

Washegari da la'asar abin ya fito. Shafi kore shar, da hoton inji, da wurin rubuta suna da ƙauye. Barira ta rangaɗa guɗa, Munkaila ya sauko daga tsani yana cewa a rubuta a tarihi da hannunsa anka kawo intanet Badaguishiri. Bushira ta tare shi.

"Yaya Munkaila, kada ka yi saurin murna. Wanga fangalin reno ne. Nan nika gwaji, in ɓata in gyara, ba mai gani sai ni. Sai na gama an ɗauke shi an dasa bisa babbar na'ura wadda ba a kashewa, sannan wayar kowa ta same shi."

Manomin albasa bai buƙaci a maimaita masa ba. Ya san ba a cin albasa daga fangalin reno, ya ce Allah ya kai mu ranar dashe.

To, ranar dashen ce ba ta zo ba, kuma a nan ne Mai Girma Mushe Sa-Hannu ya shigo labari. Shi ne shugaban buron, Mushe kuwa laƙabin girmamawa ne na Faransanci. Mutum ne mai ƙwazo, Allah ya sani, ban taɓa jin an yi taron da ake raba kuɗin zama ya makara ba. Bayan ƴan makonni Bushira ta kai masa aikin don ya ga inda anka kai, ya faɗi abin da za a gyara. Ya ɗora tabarau, ya danna nan, ya danna can, ya ga kore, ya ga hoton inji. Ya tambaye ta ko yana aiki. Ta ce yana aiki, amma a cikin ordinatar nan kaɗai. Ranka ya daɗe ya ji rabin farko na maganar, rabi na biyun ya bar wa bango.

Ta yi masa bayanin babbar na'urar, cewa haya ake yi, ana biya wata-wata. Ya ce a ina take, ya je ya gani. Ta ce tana wata ƙasa mai nisa, ba a zuwa, ba a ganinta ma. Nan fa Mai Girma ya gyara zama. Ya ce shi amana anka ba shi, ba zai zuba dukiyar poroje a kan abin da ba a iya kai masa ziyarar aiki ba, abin da ko ƙyalle ba a iya ɗaura masa a yanka. Ga shi kuma baƙin da ke ba da tallafin suna tafe, dole su tarar da wani abu. Abin da anka ware don hayar na'urar, sai anka juya shi ya zama na bikin buɗewa.

An yi biki, ba ƙarya. Na je, na ci. Rumfuna, kujerun roba, makaɗa, raguna sun sha wuƙa. Anka ɗora ordinatar bisa tebur mai farin mayafi, anka zagaye ta da ƙyalle, wata yarinya ta kawo almakashi bisa faranti, Mai Girma ya yanka, anka tafa. Anka raba riguna, a bayan kowace an buga adireshin shafin da manyan baƙaƙe. Wani mai taimaka wa Mushe ne ya kwafo shi daga saman allo yadda ya gan shi: localhost, da wasu lambobi a gaba. Da Bushira ta ga rigar sai da ta dafe kai. Ta gaya mini daga baya cewa kalmar nan ba adireshin kowa ba ce. Ma'anarta kawai "na'urar nan da ke hannunka". Kamar ka ba direban tasha saƙo ne, a bayan ambulan ka rubuta "gidanmu". Duk wayar da anka buga wa adireshin, cikin kanta take leƙawa, ta ga ba komai, ta dawo ta ce ba ta samu ba.

A wurin bikin anka miƙa wa Bushira takardar yabo cikin gilashi, anka sanar cewa aikinta ya kammala, kwangila ta ƙare. Ordinatar kuwa kayan poroje ce, ta zauna hannun shugaba. Ta bi shi har bakin mota tana cewa ba a gama ba, ya ce ta rubuto. Ta rubuta masa dogon saƙo a waya, ya amsa mata da hoton babban yatsa. A ranar kuma anka yi shela cewa zamanin takarda ya wuce, duk mai son inji sai ta intanet.

Ku zo ku ga kwarinmu a makon. Dattawa sun juya wa juna baya, wannan yana karanta rigar wancan yana bugawa a waya. Kowa ya ɗora laifin a kan abinsa. Wani ya ce wayarsa ce ta tsufa, wani ya ce rezo ne, wani ya hau tudu. Ni kaina na buga har babban yatsana ya yi tsami. Lokacin injin Munkaila na da rai, sai ya yi ta yi mana dariya, yana cewa ai ba a dasa ba, shi ya san ciki da wajen abin. Da koke ya yi yawa, buro ya fito da mafita mai hikima: manomi ya zo Illela da ƙafarsa, ya bi layi, sakatariya ta buga masa buƙatarsa a cikin ordinatar. Ta haka munka zama mutanen farko da intanet ɗinsu ke da lokacin tashi daga aiki, yana kuma zuwa sallar Juma'a.

Da ma a ce yana zama wuri ɗaya, da da sauƙi. Amma Mai Girma yana alfahari da abinsa, ba ya tafiya ya bar shi. Duk inda anka kira taro, ordinatar na cikin jakarsa, zai nuna wa takwarorinsa ci gaba.

Da injin Munkaila ya mutu, dariya ta ƙare. Ya bar Barira da guga ya tafi Illela. Mai gadin buron, Chindo, ya ce masa shafi ya tafi misiyon, wato tafiyar aiki, Tajaye, sai gobe. Ya dawo gobe, anka ce daga Tajaye ya zarce Malbaza, ana wani taron ƙara wa juna sani. Munkaila ya koma gida ya taya Barira jan ruwa, da sassafe ya kama hanyar Malbaza. Ya tarar ana tattara kujeru. Mai sharar zauren ya ce ai yanzun nan sunka tashi, sun yi Konni, can za a rufe taron don abincin otal ɗin can ya fi. Motonsa kuma ya zaɓi lokacin ya yi faci. Ya bar shi wurin mai gyara, ya roƙi wani direban motar siminti, ya hau bisa buhuna. Ya isa Konni fari fat, har wani da ya san shi ya wuce shi bai gaishe shi ba.

A ƙofar otal ba su bar shi ya shiga ba, ba shi da katin wuya. Ya zauna gindin katanga har anka fito shan shayi. Allah ya haɗa shi da Muttaƙa, direban Mushe, wanda mahaifiyarsa mutumiyar Badaguishiri ce. Muttaƙa ya dube shi sama da ƙasa, tausayi ya kama shi, ya shiga ya raɗa wa Hadiza. Ta fito da ordinatar a ɓoye cikin mayafinta, ta ɗora bisa bayan mota, ta tambaye shi suna da ƙauye da girman lambu, ta buga. Allo ya yi kore, ya ce an karɓi buƙatarsa. Munkaila ya sa ta karanta masa sau biyu. Ta ce ya zo Illela ranar rabo. Ya gaya mini a hanyar dawowa bai ji yunwa ba, bai ji gajiya ba, yana ta lissafin fangalin da zai fara shayarwa.

Ranar rabon ita ce yau, kun kuwa ji abin da munka tarar.

Munka fito daga wurin Hadiza, Munkaila ya jingina da bango, ya kira Bushira. Na matsa kusa ina ji. Ya gaya mata allo fari ne. Ta tambaya ko ana kashe ordinatar in an tashi aiki. Ya ce to da fa, a bar ta tana cin wuta? Sai na ji ta yi salati. Ta ce lokacin da take gwaji, ta shirya abin ne yadda duk sanda anka kunna shafin zai share rumbun bayanan tas, ya fara da sabo, don kada sunayen ƙarya da take gwadawa da su su taru su rikita ta. Haka masu aikin ke yi a wurin gwaji, ana cire wannan kafin a dasa. Ta ce ta rubuta wannan a cikin saƙon da ta tura wa Mushe, shi ne ma layin farko. Ke nan duk wanda Hadiza ta rubuta da rana, washegari da safe in ta kunna, ita da hannunta take share shi ba ta sani ba. Bushira ta fashe da kuka. Ta ce Yaya Munkaila ya yafe mata, in za su bar ta ta taɓa ordinatar, kafin shayi ya huce ta cire abin. Ya ce mata ba laifinta ba ne, ta bar kuka. Ya mayar da wayar aljihu.

Yau sa'armu ɗaya, Mai Girma yana gari. Munkaila ya cire takalmi a ƙofa, ko da yake ba wanda ya ce ya cire, ni ma na bi shi. Ya durƙusa ya yi bayani tiryan-tiryan, yadda Bushira ta faɗa masa. Mushe ya saurara yana juya biro, fuskarsa a sake, kamar ana ba shi labarin da ya shafi wata ƙasa.

"Malam, ka san mi baƙinmu sunka ce?" in ji shi. "Sun ce duk yankin ga, mu kaɗai ne ba mu da buƙata ko ɗaya da ta kwana ba a biya ta ba. Kullum da safe sifiri. Har an gayyace ni in koya wa wasu yadda munka yi."

"Ranka ya daɗe, ba biya aka yi ba, sharewa aka yi. Ga mutane can waje."

"Waɗanda ke waje ba su cikin na'ura. Ni da abin da na'ura ta ce nika aiki."

Munkaila ya roƙa a bar Bushira ta zo ta gyara, ko kyauta. Mushe ya ce subhanallahi, kayan poroje ba a ba wanda ba shi da kwangila ya taɓa. In ana son gyara sai an buɗe sabuwar gasa, kwamiti ya zauna, a tantance, wataƙila bayan girbin albasa. Ya ba shi shawara ta uba, ya je Hadiza ta sake rubuta shi. Munkaila ya ce to, in an rubuta, don girman Allah kada a kashe ordinatar har a yi rabo, shi zai kawo batirin motonsa a jona mata. Mai Girma ya nuna masa wata sanarwa da ke manne a bango, wadda ta ce a kashe kowace na'ura in an tashi aiki don tsimin wuta. Ya ce shi da kansa ya sa mata hannu, ba zai zama na farkon karya ta ba. Ni dai na yaba. Mutum mai bin doka irin wannan ba a ko'ina ake samunsa ba.

Muna fitowa sai ga wata babbar mota ta shigo da baya-baya, ta tsaya ƙofar ɗakin ajiya. Chindo ya kawo mabuɗi ya buɗe. Jama'a sunka miƙe tsaye gaba ɗaya. Injuna ne jere a ciki, sabbi, jajaye, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Wani dattijo ya fara hamdala, ya ɗauka rabon ne ya zo. Chindo ya sunkuyar da kai, ya ce ba rabo ba ne. Tun da rahoto ya nuna yankin nan ba mai buƙata, an ba da umarni a kwashe su a kai wani yanki inda ake nema. Ya ƙara da cewa ba a tanadi kuɗin ƴan dako ba, shugaba ya ce ko bayin Allah da ke zaune a inuwa za su taimaka.

Wasu sunka tofar da yawu sunka kama hanya. Wani ya faɗi maganar da jarida ba za ta buga ba. Ni na ce bayana na ciwo, kuma da gaske daga lokacin ya fara. Munkaila ya daɗe tsaye yana kallon cikin ɗakin. Na ja rigarsa na ce mu tafi, ya ce in bari. Wataƙila, in ji shi, in Mushe ya leƙo ta taga ya gan shi yana aiki, ya tuna da fuskarsa, ya ce a bar ɗaya. Na san ba za a bari ba, shi ma ina jin ya sani. Amma mutumin da albasarsa ke mutuwa ba a hana shi gwada abin da ya rage masa.

Ya shiga, ya tsuguna, ya shafa injin farko da tafin hannu, ya duba bakin tiyonsa, ya ce irin wanda yake so ne. Ya ɗaga shi ya saɓa a kafaɗa. Yana fitowa cikin rana sai ga mai ɗaukar hoton buro ya ɓullo da na'urarsa a wuya, ya ce tsaya, tsaya nan, Baba, ɗan juyo, yi murmushi. Munkaila mutum ne mai kunya, ba ya iya ƙin abin da anka roƙe shi a gaban jama'a. Ya yi murmushin. Sannan ya miƙa injin ga yaron mota, ya koma ya ɗauko wani. Mushe bai leƙo ba.

Munka kama hanyar komawa. Bai tsaya gida ba, kai tsaye lambu munka wuce. Barira na bakin rijiya, zanenta ya jiƙe, tafin hannunta ya yi ja. Ta dubi bayan moto, ta dube shi, ba ta tambaya ba. Ya taka har tsakiyar lambun, ya ja layi da ƙafarsa a ƙasa, ya ce daga nan zuwa rijiya za su riƙe da guga, daga nan zuwa can a bar wa Allah. Abin da ke bayan layin ya fi abin da ke gabansa yawa nesa ba kusa ba. Barira ta ce to. Ya tuɓe riga ya karɓi guga daga hannunta, ni kuma na sulale gida don ban iya tsayawa in kalla ba.

Hadiza ta gaya mini rahoton shekara na porojen yana fitowa wata mai zuwa, mai sheƙi, da hotuna masu launi. In ya faɗo hannunku kuka ga wani manomi da jan inji a kafaɗa yana murmushi, maƙwabcina ne, ku gaishe shi. Ban san abin da za su rubuta a ƙarƙashin hoton ba. Ni dai da nake wurin, mota ya nufa da shi.